Tayar wutsiya ko tayar gaba: wanne ya fi wa ɗan koyon tuƙin jirgi?

Masu sha'awar tuƙin jirgin sama sun dame ni da wannan tambaya, to ga abin da na gani.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sojin saman Amurka sun ci gaba da horar da ɗalibai da jirgin T-6 Texan, mai ƙaramar taya a wutsiya. Wajen sauka yake gwada ɗalibi. Nauyinsa na bayan manyan tayoyi, don haka da ya ɗan karkace sai wutsiya ta nemi wuce hanci, jirgi ya juya kamar katantanwa a titin sauka, fiffike ya daki ƙasa. Ga hancinsa a ɗage, idan yana tafiya a ƙasa sai matuƙi ya riƙa karkata hagu da dama kafin ya ga gabansa.

Jirgin horo na T-28 Trojan da ya fara tashi a 1949 tayarsa a gaba take. Nauyi na gaban manyan tayoyi, shi ya sa jirgin ke miƙar da kansa. Amma fa tayar gaban ba ta son duka. Ka sauka a kanta, ta karye.

A filin ƙasa mai gargada kuwa, mai tayar wutsiya ya fi juriya, farfelarsa ta yi nesa da tsakuwa.

Mai burin jirgin fasinja ko na yaƙi, tayar gaba ta ishe shi. Mai feshin gona ko sauka a karkara, ya daure ya koyi na wutsiya.