Wata 14 muna kai ɗana gashi: abin da na gani

Kwana biyu na yi ina naƙuda a gida kafin a kai ni asibiti, kuma da yaron ya faɗo bai yi kuka ba sai da aka sa masa iska. Ya shekara bai zauna ba. In ka ɗaga shi, ƙafafunsa sai su sandare su harɗe kamar almakashi, hannun dama kullum a dunƙule, babban yatsa a ciki. Dangi suka ce shan inna ce, wasu suka ce iskokai ne. Likitan yara ya ce rashin iskar nan lokacin haihuwa ne ya taɓa ɓangaren ƙwaƙwalwa mai sarrafa motsi. Ya ce tabon ba ya ƙaruwa, amma in aka bar gaɓoɓin haka za su ƙage. Shi ya tura mu sashen gashi, inda ake motsa gaɓoɓi, na wani asibitin gwamnati a nan Kano.

Abin da ya fara kwantar min da hankali, ma'aikaciyar da ta karɓe mu ba ta yi min alkawarin warkewa ba. Cewa ta yi, “Maman yaro, ni minti 20 zan yi da shi a sati, ke ce da shi dare da rana, hannunki za mu koya wa aikin.” Ta ɗora tafina a ƙarƙashin dugadugansa, ta nuna min yadda zan tura tafin ƙafar sama a hankali, in riƙe in ƙirga 30, kada in fizga, don fizga ce ke sa jijiyar ta ƙara ɗaurewa. Ta hana ni tsayar da shi a kan yatsu. Goyo kuwa ta ce in ci gaba, tunda yana buɗa masa cinyoyi. Da na ce, “Malama, ai kuka yake yi,” sai ta koya min bambanta kukan ƙiwa da kukan ciwo. Wannan kaɗai ya biya ni kuɗin motata.

Maganin baclofen da likita ya rubuta ya sassauta ƙafafun, amma a satin farko barci ya yi ta yi, wuyansa ya yi laƙwas. Aka rage masa, aka kuma ja min kunne kada in tsayar da maganin lokaci guda. An yi mana maganar allurar Botox mai sassauta jijiya, sai dai aikinta 'yan watanni ne a sake, kuɗin kuma ya fi ƙarfinmu.

Inda ban ji daɗi ba shi ne layi. Nakan fita bayan sallar asuba, wani lokaci sai azahar ta gabato za a kira mu, yaro ya gaji, ya ji yunwa, jikinsa ya ƙara sandarewa. Ma'aikatan sun yi kaɗan, kuma in wadda ta saba da shi ba ta nan, sai an sake bayani daga farko. Takalmin roba mai riƙe idon sawu ma sai da muka yi wata biyu muna jira, da ya iso har ya fara matse shi, ya ƙuje masa dunduniya.

Duk da haka ina ba duk uwar da ke cikin halina shawara ta je, kuma ta je da wuri, ta tafi da abincin yaro da zanin shimfiɗa. Yanzu ɗana yana zama shi kaɗai in ya dafa ƙasa, kuma makon jiya ya buɗe hannun daman nan ya karɓi ƙosai daga hannun babansa.