OpenCPN a kan Raspberry Pi: yana aiki, amma sai ka san taswirar da ka ɗora masa

Ga mai ƙaramin jirgin ruwa wanda aljihunsa bai kai na'urar taswira ta Garmin ko Raymarine ba, haɗin manhajar nuna taswirar teku OpenCPN da 'yar ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi 4 shi ne mafi araha a cikin abin da na yi aiki da shi. A kan teburin cikin ɗakin jirgi ya isa a dogara da shi. A waje gaban matuƙi kuwa, bai isa ba.

Manhajar kyauta ce, amma ba ta zuwa da taswirar tuƙi. Da ka buɗe ta, zanen gaɓar teku kawai za ka gani, babu zurfi, babu fitilun hanya. Na ruwan Amurka, hukumar NOAA tana bayarwa kyauta a tsarin S-57, wato tsarin taswirar teku ta kwamfuta. Na yawancin sauran wurare sai ka saya, ko daga shagon intanet na o-charts ko a tsarin S-63, wanda ake kullewa sai da lasisi. Lasisin a ɗaure yake da kwamfutar da ka yi rajista, don haka in ka goge ta ka sake girkawa, yana iya ɓacewa. In taswirar o-charts ce, gara ka ɗaure shi a kan ɗan makullin USB da o-charts ke sayarwa, ka riƙa cire shi daga wannan na'ura zuwa waccan.

Akwai tsohuwar taswirar CM93 da ke yawo hannu zuwa hannu, ta duniya baki ɗaya. Tana da daɗin tsara hanya, amma an yi shekaru ba a sabunta ta ba, kuma a wasu wurare takan nuna jirgi a kan tudu alhali yana kan ruwa. Kada a shiga tasha da ita.

Babbar matsalar tana cikin yadda irin wannan taswira ke ɓoye abubuwa. Idan ka ja da baya don ganin faɗin teku, ƙananan duwatsu da tudun yashi sukan ɓace daga allo, sai ka matso suke fitowa. Haka ta faru da jirgin tsere Team Vestas Wind a watan Nuwamba 2014, ya hau duwatsun Cargados Carajos a Tekun Indiya da ƙwararrun matuƙa a cikinsa. Saboda haka bayan ka zana hanya, bi ta daga farko zuwa ƙarshe a matse, yanki-yanki. Kunna alamar ingancin awo kuma: A1 awo ne na kirki, D da U kuwa suna nufin ka buɗe ido. GPS zai iya nuna inda kake da kuskuren 'yan mitoci, a kan taswirar da aka auna da igiya da dalma tun zamanin kakanni. Saita layin zurfin aminci daidai da nitsewar jirginka, ka ƙara aƙalla mita ɗaya.

Wajen wuta ne wannan haɗi ya burge ni. Pi 4 yana son bolt 5 da amfiya 3, batirin jirgi kuma bolt 12 ne, don haka sai da na'urar rage wuta mai kyau da fis a gabanta. Cajar mota mai arha takan sa ƙarfin wuta ya faɗi lokacin tayar da inji, kuma wani lokaci ta cika rediyo da ƙara. Pi da allo mai inci 10 suna cin kusan wat 15, wato amfiya 1.25, kusan amfiya-awa 30 a yini da kwana. Yanke wuta kwatsam shi ke lalata katin SD da Pi ke ajiye manhajojinsa a ciki. Kashe Pi ta hanyar da ta dace, ka ajiye kati na biyu da aka kwafe tsaf.

Haɗa na'urori ba wuya, sai dai saurin sadarwa: GPS a NMEA 0183, wato tsarin da na'urorin jirgi ke magana da juna, yawanci 4800 ne, AIS kuma, mai nuna sauran jiragen da ke kusa, 38400. Ka cakuɗa su, allo ya zauna shiru kamar waya ce ta tsinke. In sun daidaita, yadda OpenCPN ke lissafa kusancin da jirgi mai zuwa zai yi da kai, da mintunan da suka rage, ya fi na na'urori masu tsada da yawa.

Allon ne rauninsa. Na gida haskensa yawanci bai wuce nit 300 ba (nit ma'aunin hasken allo ne), rana tana cinye shi, ga iskar gishiri da ke sa bakin USB tsatsa. A waje ana bukatar wajen nit 1000 da rufin da ruwa ba ya shiga, kuma da ka sayi wannan, arahar ta tafi. Abin da ya fi shi ne a bar Pi a ciki, a riƙe kwamfutar hannu mai manhajar taswira Navionics a jakar hana ruwa, ta zama ta biyu mai batirinta daban. Sauke taswirar tun kana tasha da intanet. In iPad za ka saya, ɗauki mai gurbin layin waya, don mai Wi-Fi kaɗai ba shi da GPS a cikinsa.