Rijiyar Burtsatsen Ƙauyenmu Bayan Wata Shida

Wata shida ke nan da buɗe rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana a ƙauyenmu da ke Jigawa. Ruwanta garai-garai ne, babu kanwa-kanwa, kuma a watannin farko mata da yara sun huta da doguwar tafiya zuwa rijiyar bakin fadama. Wannan alheri ne da ba zan ɓoye ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ranar buɗewa, domin an kafa rumfuna, an ɗauko makaɗa da maroƙa, sannan aka kafe allo mai hoton ɗan siyasar da ya kawo aikin, wanda ya fi farantan sola girma, amma babu kuɗin kwangila ko sunan ɗan kwangila a jikinsa, alhali dukiyar ta jama'a ce. Yanzu famfo biyu cikin shida ne ke kawo ruwa, tanki yana yoyo, kuma ba a koya wa kowa gyara ba. Da muka je gaban Mai Unguwa, sai ya ce, "'Ya'yana, ni ma ko takarda ɗaya ba a ba ni ba."

Tun 2019 hukumar ICPC mai yaƙi da cin hanci da rashawa ke bin diddigin ayyukan mazaɓu, wato waɗanda 'yan majalisa ke kawo wa yankunansu, kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba mu damar neman takardun kwangilar, don haka ƙungiyar matasanmu ta rubuta wasiƙa. Kafin amsa ta zo, kowane gida yana ba da karo-karo duk wata domin sayen bututu da biyan mai gyara.