Shagon jesin nan na wajen Ƙofar Kaura, kaya akwai amma a kula da yaron firintin

Masu tambayata a ina nake samo rigunan ƙwallo na ƙasashe, to wani ɗan shago ne a wajen Ƙofar Kaura, ba shi da wani girma, mutum uku in suka shiga sai na huɗu ya jira a waje. Yawancin shagunan jesi a Katsina daga Madrid sai Barca sai Man U da Chelsea shikenan, shi ko wannan bawan Allah har ta Sikotland gare shi mai ruwan bula mai duhu, da ja ta Wels mai hoton dodo a ƙirji, da koriya ta Ayilan ta Arewa.

Abin da ya sa nake komawa, mai shagon ya san abin da yake saidawa. Ina tsaye wani yaro ya shigo wai a ba shi rigar Birtaniya, ya ce mai "ƙanena ai babu wannan tim ɗin, fasfo ɗinsu ɗaya amma a filin ƙwallo huɗu ne, Ingila da Sikotland da Wels da Ayilan ta Arewa, wacce kake so?" Kuma gaskiyarsa, wasan ƙasa da ƙasa na farko a tarihin ƙwallo ma tsakaninsu aka buga, Sikotland da Ingila a Gilasgo a 1872, aka tashi babu ci, alhali tun 1707 suke ƙarƙashin majalisa ɗaya. Kamar dai ka je Daura ka ce wa dattijo ai duk ƙasar Sarkin Katsina ce tunda jiha ɗaya, za ka sha kallo. 'Yan Sikotland har ƙuri'ar ɓallewa suka yi a 2014, kashi 55 suka ce a zauna 45 suka ce a raba gari, wato kusan rabi kenan fa.

Ya rataye ta Celtic da ta Rangers nesa da juna, da wasa yake cewa kar su yi faɗa da dare. Duka kulob-kulob ɗin Gilasgo ne, Celtic 'yan Katolika 'yan asalin Ayilan ne suka kafa ta a 1887, shi ya sa za ka ga magoya bayanta da tutar Ayilan, su kuma na Rangers suna ɗaga tutar Birtaniya, wadda in ka duba da kyau babu alamar Wels a cikinta ko kaɗan, gicciyen Ingila ne da na Sikotland da na Ayilan. Ayilan ɗin ma mafi yawanta ta fice tun 1922, arewacin ne kawai ya rage.

To yanzu ga inda matsalar take. Yaron da ke buga suna da lamba a baya bai san komai ba wallahi, kuma ba ya tambaya. Wani abokina ɗan Man U na gani kashe ni ya sayi farar rigar Ingila ya ce a sa mai sunan tsohon ɗan wasansu, yaro ya manna GIGGS 11 ɓaro-ɓaro, mutumin da Wels ya buga wa a babbar tawagar ƙasa, ba Ingila ba. Haka ya shigo gidan kallo da ita aka yi ta mai dariya, wani ya ce saura a sa Ferguson, tsohon kocin Man U, shi ma ai ɗan Sikotland ne. Mai shagon dai ya karɓa ya canza ba gardama, na yaba mai nan.

Yadin kala biyu ne, akwai mai kauri wanda bajon ɗinki ne, akwai mai araha wanda bajon manne ne da gam, wannan kar ka soma, wanki kaɗan dodon Wels ɗina ya fara ɗagowa ta wajen wutsiya, ga zafi in rana ta take. Mai kaurin kuɗinsa ya kusa ninki amma har yanzu kalarsa ba ta zuba ba. Yana karɓar tiransifa, ragi kuma sai ka dage sosai, kuma ranar Juma'a sai bayan la'asar yake buɗewa.