Kolibri a ajina, da ranar da batir ya kama da wuta

Wata huɗu ke nan ina amfani da Kolibri, wata manhajar karatu ta kwamfuta, a ajin Fiziks na SS2, kuma ba don abin da ya faru wata Laraba ba, da tuni na goge ta daga kwamfutata.

Malamin lissafinmu ne ya dame ni da zancenta. Kyauta ce, wata ƙungiya a Amurka mai suna Learning Equality ta yi ta, kuma abin da ya ja ni shi ne ba ta cin data a aji. Sau ɗaya za ka sauke darussan, kwamfutarka ta zama rumbu, ka kunna rauta, wato na'urar da ke haɗa kwamfutoci da juna, sauran kwamfutoci su ɗiba daga wurinka ba tare da intanet ba. Mu kuwa muna da tsofaffi guda 14 da aka saya don atisayen JAMB, yawancin shekara ƙura ce ke shansu.

Mako ukun farko shirme na tafka, kuma laifina ne. Na buɗe wa yaran duk abin da na sauke, na ce su yi karatu. Kamar ka saki awaki a gonar wake. Wannan yana kallon bidiyon taurari, wancan yana kan zuciyar ɗan'adam, aka tashi babu wanda zai iya gaya maka abin da ya koya.

Ranar Larabar darasin lantarki ne. Shekara tara ina koyar da dokar Ohm da alli: in zana batir, in zana ƙwan fitila, in rubuta V = IR, su haddace, su manta. A wannan karon na haɗa darasi a Kolibri da abu ɗaya tak a ciki, wato dandalin gwada haɗa wayoyin wuta a fuskar kwamfuta mai suna PhET, aikin Jami'ar Colorado da Carl Wieman ya assasa a 2002, shekara ɗaya bayan ya ci kyautar Nobel. Kafin kowa ya taɓa kwamfuta na rubuta tambaya a allo: ƙwai biyu suna ci, ka cire ɗaya, ɗayan zai mutu ko zai ci gaba? Na ce kowa ya rubuta amsarsa a takarda ya kife. Sannan na zaunar da su uku-uku.

Ba a yi minti goma ba sai ihu daga layin baya. "Malam! Malam! Batir ya kama da wuta!" Na ƙarasa, ga harshen wuta a fuskar kwamfuta yana lasar batir, yaron ya ɗage hannu sama kamar zai ƙone shi.

"Me ka yi masa?"

"Wallahi Malam ban yi komai ba, waya kawai na ja daga wannan kan zuwa wancan."

Kafin in buɗe baki wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ce, "Malam, ashe shi ya sa shagon babanmu ya ƙone da wayoyi suka haɗu?" Abin da nake ta fama in cusa musu ke nan, cewa in babu abin da ke tare wa wuta hanya sai ta kwararo fiye da kima, wayar ta yi zafi. Na ce su saka ƙwai a tsakani su gani. Wutar ta mutu, ƙwan ya kama. Daga nan gardama ta ɓarke kan tambayar allo, domin a wasu tebura an cire ƙwai ɗaya duka sun mutu, a wasu kuma ɗayan ya ci gaba da ci. Da kansu suka gano cewa waɗancan sun jera ƙwan kan layi ɗaya, waɗannan kuma kowane ƙwai da layinsa, irin yadda ake ja wa gida wuta. Aka kaɗa ƙararrawa, ba wanda ya motsa.

Gwajin da na sa musu washegari ma ya taimaka, don manhajar tana ware maka tambayoyin da suka fi kayar da yara. Nan na ga wurin juya lissafin a nemo R, wato abin da ke tare wa wuta hanya, suke faɗuwa, sai na ba shi darasi guda.

To amma kada wani ya karanta wannan ya ɗauka tuwo ne da miya a ajiye. Daren Lahadi biyu na kashe ina tsintar abin da ya dace da manhajar WAEC da NECO, saboda ba don jarrabawarmu aka tsara darussan ba. In aka ɗauke wuta kuma, shi ke nan, sai an roƙi a tada janareta, a yi ta yi maka lissafin litar fetur kamar kai za ka sha.

Babban takaicina mai shagon da ya sayar mini da rautar ne. Har da rantsuwa ya ce za ta ɗauki na'ura 30 ba ta ji ba. Da an wuce 12 sai ta fara nishi, bidiyo ya tsaya cak, yara su zuba mini ido. Rannan gaban shugaban makaranta ta yi mini haka, bayan na gama cika baki. Na kira mai shagon, wai, "Ai Malam, zafi ne, a sa mata fanka." Fanka! Da kuɗin aljihuna na saye ta, rasit ɗin yana nan cikin jakata, kuma ranar Asabar da ita zan yi masa sammako.