Kallon Mawaƙan Country a Amurka: Wane Tikiti Ya Fi Cancanta?

Wanda ya tashi yana jin muryar Don Williams a rediyo, in Allah ya kai shi Amurka zai so ya ga masu irin wannan kiɗa na country, wato kiɗan karkarar Amurka, ido da ido. Shi dai ya rasu tun 2017, amma masu jita da banjo suna nan suna zagayawa gari-gari. Tikitin ne ba arha ba, dole a zaɓa.

In guda ɗaya aljihunka zai ɗauka, ni zauren Ryman da ke birnin Nashville zan tura ka. An gina shi a 1892 don wa'azin Kirista, har gobe kuma a kan dogayen bencin katako ake zama, mutum wajen 2,300. In mawaƙi ya sassauta murya, har gogar yatsarsa a kan tsirkiya za ka ji. Bencin da tauri, gaskiya. Kuma wasu gurabe na baya, ƙarƙashin bene, ginshiƙi yakan tare wa mutum gani, don haka duba taswirar zauren kafin ka biya.

Grand Ole Opry shirin rediyo ne tun 1925, ya kuma zauna a Ryman daga 1943 zuwa 1974 kafin ya koma sabon gidansa a nan Nashville. Mawaƙa da yawa a dare ɗaya, kowa ya yi 'yan waƙoƙi ya sauka. Baƙo zai ji daɗinsa, amma wanda ya zo don mutum ɗaya ba zai ƙoshi ba.

Bluebird Cafe kuwa, shi ma a Nashville, kujera 90 ce kacal. Masu tsara waƙoƙin suna zama a tsakiya, jama'a na kewaye da su, kana surutu za a ce ka yi shiru. Samun gurbi ne aiki.

Bikin kiɗan gargajiya (folk) na Newport a jihar Rhode Island, wanda aka fara a 1959, yana da tarihi: nan mawaƙi Bob Dylan ya hau dandamali da jita mai lantarki a 1965. Sai dai tikiti kan ƙare tun ba a bayyana mawaƙan ba, cinikin biri a sama ke nan, ga tsadar masauki a watan Yuli.

Red Rocks na Colorado fili ne tsakanin jajayen duwatsu, mai ɗaukar kusan 9,500. Ga kyau, amma matakalarsa na sa haki, dare kuma da sanyi. Tafi da rigar sanyi ko da rani ne.

Ko wanne ka zaɓa, fara duba shafin wurin da kansa, domin 'yan kayi-nayi da ke sake sayar da tikiti sukan lafta riba mai yawa.