RockBLOCK 9603: ɗan ƙaramin ɗan aike inda sabis ya ƙare

Wanda ya kafa na'urorin auna damshin ƙasa ko zurfin ruwan rijiyar burtsatse a inda sabis ɗin waya ba ya kaiwa, matsalarsa ɗaya ce: yadda lambobin za su iso gida. Don wannan aka yi RockBLOCK 9603 na kamfanin Ground Control. Ɗan allo ne da bai kai tafin hannu ba, nauyinsa wajen giram 36, yana magana da taurarin ɗan'adam na Iridium guda 66 da ke shawagi kimanin kilomita 780 sama da mu. Muddin eriyarsa na ganin sarari, saƙo zai fita.

Sai dai bakinsa ƙarami ne. Saƙo ɗaya ba ya wuce bayit 340 a fita, 270 a shigowa (bayit ɗaya kamar harafi ɗaya ne na rubutu). Hoto ko bidiyo, a manta da su. Kuɗin kuma hawa biyu ne: hayar layi ta wata, da kiredit ɗaya a kan kowane bayit 50 ko ɓangarensa. Bayit 51 kiredit biyu ke nan, ba ragi. A nan mutane ke ƙona kuɗi, don suna tura lambobi a matsayin rubutu, da waƙafi da sunan kowane ma'auni. Dabarar ita ce a matse: zafi 31.4 a ninka shi da goma ya zama 314, ya shige bayit biyu. Damshi, zafi da ƙarfin batir, bayit shida. Awo takwas bayit 48, a ƙara biyu na lambar na'ura, an cika hamsin cif. In ana awo duk bayan awa uku, rahoton yini guda ya tafi a kiredit ɗaya. Ko leƙa akwatin saƙo ma ba kyauta ba ne, don haka kada a sa shi yana leƙawa kowane minti.

Haɗa shi da ƙaramin allon sarrafawa irin Arduino ko makamancinsa ba wuya: wuta bolt 5, wayoyin aikawa da karɓa, gudun sadarwa baud 19200. In wayoyi uku kawai aka ja (aikawa, karɓa da GND), a fara da umarnin AT&K0, in ba haka ba zai yi gum kamar ya mutu. A kuma ba shi 'yan daƙiƙu bayan kunnawa, ma'ajin cajin da ke jikinsa ya cika, domin watsawa na fizgar wuta da ƙarfi. Amsa 0 zuwa 4 bayan umarnin aikawa AT+SBDIX na nufin saƙo ya tafi. In ka ga 32, bai samu tauraro ba. A jira kaɗan a sake, tunda taurarin tafiya suke.

A kan jirgi maras matuƙi, manhajojin tuƙi PX4 da ArduPilot duk sun san shi. Amma kada a ɗora masa kayan da ba nasa ba. Jirgi ya zaga ya kwashe bayanan na'urorin ƙasa ta rediyon LoRa mai kai ƙananan saƙonni nesa, ya zuba a katin ajiya, RockBLOCK ya tura taƙaitawa kawai: inda jirgin yake, saura nawa a batir, wace na'ura ta yi shiru. Jinkirinsa na iya kai daƙiƙu da yawa, wani lokaci mintuna, saboda haka ba abin tuƙi ba ne.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne eriya. Yana watsawa tsakanin megahaz 1616 da 1626.5, GPS kuwa na saurare a 1575.42, in suka matsu, GPS ɗin na iya kurmancewa lokacin aikawa. A raba su gwargwadon iko, eriyar ta kalli sama, kada ƙarfe ko jikin kabon ya rufe ta. In dole allon ya zauna cikin akwatin ƙarfe, a sayi samfurin da ke da mahaɗin SMA a fitar da eriya waje.

Inda akwai ko da sanda ɗaya ta sabis, modem mai katin SIM ya fi shi arha nesa ba kusa ba. Inda babu, ya ci kuɗinsa.